Zanin da Aka Wanke Tsakiyarsa Kawai

Kwana tara ban leƙo ku ba. Na ga masu tambaya ko lafiya, na ga masu tsokana wai amarci ya ɓoye ni tun ba a ɗaura ba. Ba amarci ba ne, kunya ce. Sau uku ina fara rubuta wannan kashin ina gogewa, don a cikinsa ba ni ce mai gaskiya ba. Amma tun farko na yi muku alkawarin ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Mai shirin zagina ya ɗan saurara, na riga shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata talatin da uku, shekara huɗu ke nan da rasuwar baban yarana. Ina koyarwa a ajin 'yan raino, masu shekara uku zuwa huɗu. Yarana uku. Babbar mace ce, sha huɗu, duk gidan Yaya muke ce mata, har ni. Mai bi mata namiji ne, sha biyu, shi ne Kyaftin, don shi ke riƙe da ƙungiyar ƙwallon layinmu, yana tafe yana buɗa kafaɗa kamar shi ya shimfiɗa titin. Sai Auta mai shekara biyar, wadda magana ba ta kwana a cikinta.

Ni mace ce mai tsari, wannan ko maƙiyina ya shaida. Da na koma aiki na ga wanki zai karya ni, sai na zaunar da su na zana jadawali a bayan tsohuwar kalanda, na manna a ƙofar kicin. Litinin da Alhamis, kayan makaranta da safa, na Kyaftin. Laraba da Asabar, zannuwan gado da tawul, na Yaya. Nawa da na Auta ni ke yi ranar Lahadi. A ƙasa na jera dokoki uku da jan biro. A zazzage aljihu kafin a jiƙa. Ba mai wanki a ranar da ba tasa ba, don tankinmu ƙarami ne, igiya kuma biyu ce tal. Ta ukun ita ce abin alfaharina: wanda ya yi wankin ganin ido ya ɗauki na ɗan'uwansa har sati guda.

Har a makaranta nake ba iyaye labarin jadawalin nan. In uwa ta zo tana kukan ɗawainiya, sai in gyara zama in ce, "Ai yaro tsari yake so. Ki sa masa ido kawai, duk abin da ke damunsa za ki gani a jikinsa." Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta mare ni.

Tankin nan ne ya kawo Mai Famfo. Bara ya fara yoyo, maƙwabciyata ta ba ni lambar wani mai shagon bututu da famfuna, na ajiye a wayata da sunan Mai Famfo. Har yau haka yake, da farko don sunan aikinsa ne, daga baya don kar yara su gane. Dogo ne, ba ya hayaniya, matarsa ta rasu ba su haihu ba. Bayan gyaran da sati ya turo saƙo.

"Malama, ya tanki?"

"Lafiya lau yake, mun gode."

"Ban ji daɗi ba. Da ya sake yoyo da na sami dalilin zuwa."

Na ajiye wayar a kan firji na yi kamar ban gani ba, na dawo na karanta sau shida. Daga nan kun san sauran.

Da Inna, mahaifiyata, ta ji, kamar an yi mata bushara. Wata Lahadi wata biyu da suka wuce ta zo ta zauna a falo, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, alamar maganar doguwa ce.

"Shekara huɗu ai an yi kara. Ke ba tsohuwa ba, ba kuma dutse ba. Mutumin kirki ya fito, me kike jira, a buga miki ƙararrawa?"

"Inna, yaran fa?"

"Yaran me? Matan sai ki tafi da su. Namiji kuwa na dangin ubansa ne, ƙanin babansu ya daɗe yana nemansa. Wane namiji ne zai so ya buɗe ido ya ga ƙaton saurayi a tsakar gidansa?"

"A bar maganar nan tukuna, Inna."

Abin da na ce ke nan. Ban ce a'a ba. A raina na san ba mai raba ni da ɗana, amma ba na son musu da Inna, sai na tura maganar gaba. Daga tsakar gida ina jin ƙwallo na dukan bango, tim, tim, can kuma na daina ji. Ban kawo komai ba.

Bayan wannan ne gidana ya fara canzawa, ni kuma na yi wa kowane canji fassarar da ta yi min daɗi. Kyaftin ya daina shan shayin dare, ya ce kocinsu ya hana, na ce madalla da koci. Abokinsa ya gayyace shi kwana a gidansu, ya ce ba ya so, na ce yaron ya fara hankali. Turaren ɗakina ya riƙa ƙarewa da wuri, in na wuce ɗakinsa sai in ji ƙamshi har yana hawa kai, na ce to, samartaka ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ledar teburin cin abinci, mai zanen lemo, ta ɓace, na ɗora wa iska da Auta. Omo kuwa kamar ana sha.

Shi ma Mai Famfo ya faɗa min. Ya zo duba ma'aunin tankin wata yamma, ya sauko yana goge hannu.

"Malama, ba yoyo. Amma wani na jan ruwa da sassafe, kamar bokiti biyu kullum."

"Alwala ce da wanka."

"Wataƙila," in ji shi. Ni kuma hankalina na kan yadda rigarsa ta yi masa kyau.

Ranar wata Talata aka tashe mu da wuri, na dawo gida kafin azahar. Na zagaya bayan tanki neman tsintsiya, sai na ga an ɗaura wata 'yar igiya daga ƙarfen tankin zuwa tagar banɗaki, inda ba a hangowa daga tsakar gida. A kanta zanin gado shuɗi mai ratsin fari. Na taɓa. Gefunansa huɗu a bushe ƙayau, har da karin guga na makon jiya. Tsakiyar kaɗai aka wanke, da'ira guda kamar faifai.

Da suka dawo na tare Yaya tun ba ta ajiye jaka ba.

"Wane irin wanki ne wannan?"

Ta kalli zanin, ta kalli ƙasa. "Shayi ne ya zube, Umma."

"Shayi ya zube sai a wanke tsakiya a bar gefe? Yau ranarki ce?"

"A'a."

"Doka ta biyu da ta uku kin karya a tashi ɗaya. Kayan makarantar satin nan naki ne."

"To."

Kyaftin na tsaye a bakin ƙofa. Na ɗauka zai yi tsallen murna kamar yadda ya saba in an ɗora wa yayarsa aikinsa. Sai ya ce a hankali, "Umma, ki bari zan yi nawa."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Doka doka ce."

Sati uku a jere ina kama zanin nan, sati uku Yaya na wankin mutum biyu. Hannunta ya fara saɓa tsakanin yatsu. Na gani, na ba ta man shafawa, na ƙara da wa'azi a kan ƙiwa. A raina na yanke cewa taurin kai ne, ba ta son maganar auren, shi ya sa take ja da ni ta hanyar wanki. Har na rubuta wa Mai Famfo: "Babbar ce matsalata. Namijin ba ruwansa."

To, ranar Asabar ɗin da ta wuce waccan, babbar yayar Mai Famfo za ta zo ganina. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, in ta ce a'a magana ta mutu. Anti zan kira ta, yadda ya ce in kira ta. Tun Alhamis nake goge gida. Na sauke labule na mayar da sababbi, na wanke har bayan firji. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar kicin na yi sanarwa: gobe babu wanki, ko hankici ban yarda in gani a igiya ba, na ɗage na Asabar zuwa Lahadi.

Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, wadda na ajiye tun bikin ƙanwata, da mayafi mai ruwan hoda mara nauyi. Ɗankunne ƙanana, kar a ce na zaƙe. Turare sau biyu kawai, don ma kwalbar ta kusa ƙarewa. Ƙarfe goma Mai Famfo ya turo: "Ta taso. Kar ki ji tsoro, ba ta cizo sai an taɓa ni." Na mayar masa: "Cikina ciwo yake." Ya ce: "Nawa ma."

Anti ta iso sha ɗaya saura. Gajeriya ce mai jiki, da tabarau a rataye a wuya da igiya, tana magana a nitse kamar mai ƙirga ƙwai. Yaya ta kawo ruwa da lemo ta durƙusa ta gaishe ta, Kyaftin ya gaishe ta daga nesa, Auta kuwa ta haye cinyarta kamar ta shekara da saninta. Hira ta yi daɗi. Ta yaba gidan. Da ta hango jadawalin a ƙofar kicin ta sa tabarau ta karanta, ta ce, "Ikon Allah, har da dokoki." Kaina ya kumbura. Na shiga ba ta labarin yadda nake tafiyar da yara, kamar mai lacca.

Sai Auta ta ja hannunta. "Zo ki ga kyanwata, ta haihu a bayan tanki."

"Auta, bar Anti ta huta."

"Ƙyale ta," in ji Anti tana miƙewa. "Ai ba a ƙin gayyatar mai jego."

Na bi su ina murmushi. Muna shan kwanar tankin murmushin ya bushe a fuskata. Ga 'yar igiyar nan, ga zanin shuɗi mai ratsin fari, tsakiyarsa sharkaf tana ɗiga a kan siminti, gefunansa a bushe. A ranar da na ce ko hankici.

'Yan uwa, da na yi shiru da ba abin da zai faru. Zani ne a igiya, wane gida ne babu? Amma minti biyar da suka wuce nake cika baki a kan tsarina, sai na ji kamar an tuɓe min mayafi a kasuwa. Na ƙwala wa Yaya kira. Ta zo da tire a hannu.

"Mene ne wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba da ke nake ba? Me na ce jiya?"

"Kin ce babu wanki."

"To uban wa ya shanya wannan?"

"Ni ce."

"Anti, kin gani ko? Wata guda ke nan ina fama. Budurwa kamar wannan, zani ɗaya ya gagare ta wankewa, sai ta dangwala tsakiya ta rataye. Ƙazanta da ƙiwa, ga taurin kai." Na juyo kanta, bakina ya riga hankalina. "Na san abin da kike yi. So kike ki kunyata ni a gaban baƙuwa don maganar nan ta lalace. To ki buɗe kunne, ba ki isa ba. Da babanki na raye da ya ji kunyar irin 'yar da ya bari."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli wani abu a bayana, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Umma. Laifina ne."

Na waiga. Kyaftin ne a tsaye da ƙwallo a hammata, bakinsa a buɗe kamar zai yi magana. Yaya ta girgiza masa kai kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ya saki ƙwallon ya fice da gudu, ko takalmi bai sa ba.

Anti ta juya wajen kyanwar. Ta sunkuya ta yaba 'ya'yan kyanwa, ta tambayi Auta sunayensu, muka koma falo. Ta ƙara minti goma ta ce za ta tafi. Na rako ta ina ta ba da haƙuri a kan halin yaran zamani. A bakin ƙofar gida ta tsaya, ta riƙe hannuna.

"'Yata, zanin nan na gadon wa ne?"

"Na ɗakin namijin ne. Amma ita ke da wankin zannuwa."

"Maza biyar na raina, har da wanda ke nemanki." Ta rage murya. "Mai ƙiwa gefe yake wankewa, inda ido ke gani. Wanda ya wanke tsakiya ya bar gefe, so yake ya bushe kafin wani ya farka. Shiga ki ɗaga katifar yaron. Kuma in kin ɗaga, ki mayar yadda kika same ta."

Ta saki hannuna ta tafi.

Na koma ciki. Ɗakin Kyaftin tsaf yake, taga a buɗe, ƙamshin turarena ya cika ko'ina. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari da na sani sarai, wanda nake shaƙa kullum a ajina in an tashi daga barcin rana. Na yaye bargon. Ga ledar teburina mai zanen lemo, an shimfiɗa ta an soke gefunan da kyau, irin sokewar da ni na koya wa Yaya. Na ɗaga katifar. An juya ta, ɗaya fuskar duk taswira ce, sabuwa a kan tsohuwa.

Na zauna a ƙasa da rigar bikina. Ni da nake gane ɗan mutane ya yi fitsari tun daga yadda ya shigo aji yana tafiya. Ni da nake kiran uwa gefe in ce mata, "Ba iskanci ba ne, wani abu ne ke tsorata shi a gida, ki bincika." An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa ɗakin baƙuwa ce ta shigo, cikin awa ɗaya ta nuna min.

Na mayar da komai yadda yake, na fito.

Yaya na bakin famfo a tsugune tana wanke kofuna. Na ja kujera 'yar tsugune na zauna kusa da ita. Ba ta ɗago ba.

"Tun yaushe?"

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan. "Me?"

"Na ga ledar."

Sai a lokacin ta yi kuka. Ba da sauti ba, hawaye kawai ke sauka cikin robar. Da ta iya magana ta ce, "Tun ranar da Inna ta zo. Ya ji abin da ta ce. Ya ji ba ki ce a'a ba."

"Kullum ne?"

"Ba kullum ba. In Mai Famfo ya zo, ko in ya ga kina dariya da waya, to washegari sai ya yi." Ta share hanci da bayan hannu. "In an idar da asuba kin koma kwanciya sai ya ƙwanƙwasa min. Shi ya yi wanka, ni in wanke. In na jiƙa duka ba ya bushewa kafin mu dawo makaranta, kuma zanin biyu ne kawai na gadonsa."

Ta san sunan da ke wayata ma. Ban tsaya a kan wannan ba, kunyar da ke gabana ta fi ta.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba? Sati uku ina ɗora miki aikinsa."

"Ya sa na rantse. Ya ce in kika sani za ki ga shi ne matsala, ki fi saurin ba da shi. Ya ce wa zai auri mace mai ƙaton ɗa yana fitsarin kwance." Ta ɗauki wani kofi. "Kuma in 'yan ƙwallo suka ji, ya mutu. Kin san bakin Auta."

Na kamo hannunta na juya tafin. Fatar tsakanin yatsun ta yi fari ta tsattsage. Ni na yi wannan, da jan birona.

"Yaya, ki yafe min. Abin da na faɗa a kan babanki ƙarya ne. Da yana raye ni zai ji wa kunya."

Ta zare hannunta a hankali ta ci gaba da ɗauraya. "Ba komai, Umma."

Kun san irin wannan ba komai ɗin. Na fi son ta zage ni.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Kar ki nuna masa kin sani."

Kyaftin bai dawo ba sai bayan la'asar, ƙafarsa duk ƙasa, idonsa ja. Ya raɓa bango zai shige ɗaki. Komai na jikina na so in rungume shi, amma na tuna roƙon yayarsa da maganar Anti. Na ɗauki wayata na tsaya a tsakar gida, daidai tagarsa da ke buɗe, na kira Inna na sa a sifika.

"Ya baƙuwar? Ta yaba?"

"Inna, maganar da kika yi rannan ce ban ba ki amsa ba. Ɗana ba inda za shi. Ko ƙanin babansu, ko wa. Inda na kwana nan zai kwana har ya yi gemu ya gaji da ni."

"Ke, wa ya taɓo ki? Ana maganar arziki..."

"In mutum na so na, mu huɗu ne. In huɗu sun yi masa yawa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Za ki kashe wa kanki aure saboda yaron da gobe zai yi mata ya manta da ke?"

"Ya manta ɗin. Ni dai ba zan ba da shi ba."

Inna ta yi salati, ta ce za ta zo gobe mu yi magana da hankali, ta kashe. Daga ɗakin ban ji motsi ba. Na shiga kicin na ɓare jadawalin daga ƙofa, na juya wata kalandar na sake zanawa. Kayan makaranta, Kyaftin da Yaya tare. Zannuwan gado na kowane ɗaki, Umma, kowace safiya, don na ga ƙura ta yi yawa. Wanda ya tashi ya yaye nasa ya jefa a babban baho, a rufe, ba mai duba na wani. Doka ta uku ban mayar da ita ba.

Da daddare Kyaftin ya tsaya ya karanta, ya daɗe. Ya ce, "Har na Auta?"

"Har nawa."

Ya kau da kai. Amma ya sha shayi rabin kofi.

Kwana tara ke nan ina wanke zani huɗu kowace safiya kafin in tafi aiki, gaba ɗayansu, gefe da tsakiya. Bayana kamar zai ɓalle, tankin ba ya kai mu yamma. Sau shida na ɗaga shuɗin na ji shi da nauyi, sau uku a bushe. Ba na ƙirgawa a gabansa, ba na ko kallon bahon in yana wurin. Yaya na gaishe ni, tana yin duk abin da na sa ta, amma ta daina zuwa ta zauna a bakin gadona tana ba ni labarin ƙawayenta. Wannan ba omo ke wanke shi ba, na sani. Jira zan yi.

Shi kuwa Mai Famfo, tun ranar ya turo: "Anti ta dawo. Ta ce ruwan gidanku da sanyi. Ta ƙi ƙara komai. Me ya faru?" Ban amsa ba. Ya kira sau huɗu ban ɗauka ba. Da wane baki? Matar da ta raine shi ta ga yadda nake yi wa marainiya a gaban baƙo.

Yau da rana, a lokacin barcin 'yan ajina, na zauna a kan 'yar kujerarsu na rubuta masa. Ban faɗi sirrin ɗana ba, wannan ba nawa ba ne. Na ce: "Na yi wa 'yata abin kunya a gaban Anti, kuma ita ce mai gaskiya. Na taɓa ce maka ita ce matsalata, ƙarya na yi, ni ce. Sannan ka sani, mu huɗu ne, ba a rage ko ɗaya. Kuma gidana ana wanki kullum, ba ranar da igiya ke hutawa. Ka yi tunani, ba zan ga laifinka ba."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Har aka tashi ba abin da ya shigo.

Na dawo gida na tarar da Kyaftin zaune a dakalin ƙofa, bai tafi ƙwallo ba. Kusa da shi an jingine wani sabon tanki, ya ninka namu biyu, da nannaɗaɗɗiyar igiyar shanya a kansa.

"Wa ya kawo?"

"Shi." Bai kalle ni ba, yana wasa da bakin igiyar. "Ya ce ba zai iya ɗorawa shi kaɗai ba, sai da namijin gidan. Ya ce in na yarda in kira shi, in ban yarda ba ya zo ya ɗauke abinsa."

Ya buɗe tafin hannunsa. Lambar waya ce a 'yar takarda, ta jiƙe da gumi.

"Me ka ce masa?"

"Na ce sai na tambayi Yaya."

Na ɗaga kai. Tana tsaye a bakin taga, hannunta a harɗe a ƙirji. Ba tankin take kallo ba. Ni take kallo.